Zama a Fadamar Haɗeja: Yadda Za Ka Bi Yanayi, Ka Kiyaye Iskar da Iyalinka Ke Shaƙa

Daga Haɗeja in ka yi gabas, kogi ba ya bin hanya ɗaya. Yana barin garin sai ya rarrabu a tsakanin jigayi, wani reshe ya bi ta Marma ya zuba a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya riƙe tsohuwar hanyarsa. Ruwan Jama'are kuma ya taho daga kudu, su haɗe a wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe mai gangarawa tafkin Cadi. A cikin wannan faffaɗar fadama Guri da Kirikasamma da ƙauyukansu suke zaune, Auyo kuma tana daga sama kaɗan. Shinkafa, alkama, tattasai, albasa, kifi, kiwo, duk albarkar ruwan nan ce.

Wannan jagora ta mazauna irin waɗannan garuruwa ce. Mutane da yawa in aka yi maganar gurɓatar iska sai su ce ai ta birni ce, ta Kano da masana'antunta. Wasu kuma su ce hazo daga Allah yake, me mutum zai yi? Gaskiya ne ba wanda ya isa ya tare ƙurar Sahara. Amma kaso mai yawa na abin da ke shiga ƙirjin yaro a garin bakin kogi mu muke tayar da shi: hayaƙin murhu, ƙona karan shinkafa, banda, ƙaiƙayi, feshi. Illarsa kuma ta danganta da sa'ar da aka tayar da shi da inda iska ta dosa. Wannan kam yana hannunmu.

Mataki na farko: san inda gidanka da gonarka suka faɗa

Iskoki biyu ke mulkin shekara a nan. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Daga wajen Mayu zuwa farkon Oktoba ta juya, tana zuwa daga kudu maso yamma da danshin teku. Shi kuwa hadari, duk manomi ya sani, galibi daga gabas yake haɗowa.

Tsaya a tsakar gidanka ka duba. Me ke arewa maso gabas da ɗakin da yara ke kwana? In madafi ne, ko murhun banda, ko juji da ake cinna wa wuta, ko injin casa na maƙwabci, to duk tsawon hunturu hayaƙinsa ɗakin zai riƙa nufa. In da hali a mayar da murhu gefen yamma ko kudu. In babu hali, a toshe tagar da ke fuskantarsa a buɗe ta ɗaya ɓangaren. Wanda zai yi sabon gini ya fi kowa sa'a, domin shi tun kafin a ja igiya zai tsara wannan.

Sai ka duba tudu da kwari. Ka tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a 2018 da 2020 da 2022, shekarun da ambaliya ta yi wa yankin ɓarna sosai. Sau da yawa shatin ruwan yana nan a jikin katanga ko gindin bishiya. Wannan shati shi ne ma'auninka: rumbu, buhunan taki, takardu, duk su zauna sama da shi. Kwarin nan da ruwa ke kwanciya a cikinsa da damina, shi ne kuma hayaƙi ke kwanciya a cikinsa da sanyin asuba. Za mu zo kan dalilin.

Mataki na biyu: kafa ma'aunai uku da ba sa cin kuɗi

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin ranar saukar ruwa da ɗaukewarsa, tana kuma ba da gargaɗin hazo da zafi na kwana uku-uku. Hukumar NIHSA ita ke fitar da hasashen ambaliya. Ana jin su a rediyo, malaman gona ma suna da su. A saurara. Sai dai hasashe na yanki ne mai faɗi, kai kuwa gonarka wuri ɗaya take, don haka ka haɗa da naka awon.

Na ruwan sama: samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo. Bayan kowane ruwa ka tsoma rula ka rubuta. Milimita ɗaya a gwangwani daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita ta gonarka. Ruwan shekara a wannan yanki yakan faɗa tsakanin milimita 500 zuwa 700, ya fi yawa ta Haɗeja, ya ragu in an nufi Nguru, kuma shekaru suna bambanta ƙwarai.

Na kogi: a kafa sanda mai ƙarfi a mashigi, a yi mata zane tazarar taƙi-taƙi, a riƙa dubawa safe da yamma daga farkon Agusta. Tsayin ruwan yana da muhimmanci, amma saurin hawansa ya fi.

Na hazo: zaɓi alama biyu da kake hangowa daga ƙofar gida, ɗaya mai nisan kilomita guda, kamar ƙarfen sabis ko hasumiyar masallaci, ɗaya mai nisan kilomita huɗu zuwa biyar. In ta nesa ta ɓace, hazo ya fara nauyi. In ta kusa ma ta ɓace, wannan shi ne matakin da NiMet ke kira hazo mai kauri, ranar da jirage ke kasa sauka a Kano. Mai babbar waya zai iya duba lambar ingancin iska a manhajar yanayi, inda abin da ya haura 150 ke nufin iskar tana cutar da kowa. Amma ya sani cewa lissafin daga tauraron ɗan'adam ake yin sa, ba ya ganin hayaƙin da ke tashi a bayan katangarka.

Mataki na uku: bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 kwana da kwanaki. Masu noman rani a lokacin suke tsakiyar ban ruwa da girbin alkama da dashen shinkafa. A fita gona da an sallame asuba, a tashi kafin ƙarfe 11, a koma bayan la'asar. A tafi da ruwan sha mai tsabta daga gida, kar a jira ƙishirwa. Launin fitsari ya isa shaida: in ya yi duhu, jiki ya bushe. Yankin Gashuwa da kwarin Haɗeja an san su da yawan masu ciwon ƙoda, aiki cikin tsananin zafi babu isasshen ruwa kuwa yana cikin abubuwan da ke gajiyar da ƙoda, haka ma yawan haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki da leburori ke yi don su iya fita washegari. Wanda ya faɗi a gona, jikinsa ya yi zafi rau, maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi ta fifita, a nufi asibiti da shi.

Injin ban ruwa kuma kar a zauna a inda hayaƙinsa ke dosa. In an saukar da shi cikin rami ko rijiya don ya kusanci ruwa, kada kowa ya shiga ramin yana aiki, ko da an kashe shi sai an jira hayaƙin ya fice.

Wajen ƙarshen bazara holoƙo ke tasowa. Gabas ta yi ja, iska ta tsaya cak, sannan ƙura ta rufe gari. Ba ya daɗewa, amma yana kwashe rufi. Tun a Afrilu a bi kwanon gida a ƙara ƙusa, a sare reshen da ya rataya a kan ɗaki. In ya taso a shigar da yara, a rufe tukunya da randa, a kashe wutar murhu.

Mataki na huɗu: damina, da ruwan da ba a kanka ya sauka ba

Ruwan farko yakan yaudari manomi. A arewacin Jigawa da Yobe damina ba ta cika zama da gindinta ba sai tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana biyu zuwa uku, kuma babu alamar dogon fari a bayansa. In ba ka da gwangwani, tona ƙasa ka ga ko laima ta kai tsawon tafin hannu. Mai binne a tudu ya san kasadar da ya ɗauka. Iri mai tsada dai kar a zuba shi a kan ruwan farko.

Da ruwa ya zauna iska takan wanke tas. Wannan ne lokacin da ƙirji ke hutawa a shekara, in ban da abu biyu. Na farko ɗanyen itace: jiƙaƙƙen itace hayaƙinsa ya ninka na busasshe, ga shi ruwa na korar girki zuwa cikin ɗaki. A tara itace a rumfa tun bazara. Na biyu feshi. A yi shi da safe bayan raɓa ta ɗaga, lokacin da iska ke kaɗawa a hankali, mai feshi ya ba iska baya ko gefe. Kar a yi da tsakar rana, kar a yi hadari na haɗowa, kar a yi yara na tsaye a kan kunya. Riga mai dogon hannu, takalmi, abin rufe hanci da baki, sannan wanka da sabulu kafin a ci abinci. Jarkar magani ba ta komawa ta ruwan sha ko ta mai, komai wankin da aka yi mata, kuma ba a wanke tankin feshi a kogi.

Babbar magana a damina ita ce ambaliya, kuma abin da ya kamata kowa ya gane shi ne ruwan da ke cin Guri ba a Guri ya sauka ba. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. A kansu akwai madatsar Tiga, da aka gama a 1974, da ta Challawa, da aka gama a 1992. In marka ta yi ƙarfi a ƙasar Kano a Agusta har madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwan zai biyo ta Wudil, Ringim, Miga, Auyo, Haɗeja, sannan ya iso ƙasa. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake tasowa, babu babbar madatsa a kansa, yana zuwa da ƙarfinsa. Shi ya sa ruwa kan shigo gari a Satumba alhali sama fes take. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: kowace unguwa ta sami amintaccen mutum a garuruwan sama da za a riƙa kira. Kwanakin da ruwa ke ɗauka kafin ya iso su ne damarka ta kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu.

Kacala ta ƙara dagula lamarin. Tun da madatsu suka sa ruwa ke gudana rani da damina, ciyawar ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya rasa mafita sai gonaki da gidaje. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, sauro ma haka. Aikin gayya na yanke ta da gyaran jinga a yi shi tun ruwa yana ƙasa, a Afrilu ko Mayu. Buhunan yashi da ake nema ido rufe a Agusta, a cika su tun Yuli.

Ruwa na janyewa sai zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa su biyo baya. Ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida daga wajen Yuli zuwa Oktoba suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata. A karɓa, a kuma cika kwana ukun da ake sha. Gidan sauro ya fi maganin sauro na kunnawa, wanda ke cika rufaffen ɗaki da hayaƙi har gari ya waye, ya kuma fi fiya-fiya nesa ba kusa ba. Ɗakin da ruwa ya shiga a bar shi a buɗe ya bushe sarai kafin a koma kwana, domin funfunar da ke fitowa a jikin bango tana tayar da asma.

Mataki na biyar: kaka

Oktoba da Nuwamba ruwa ya ɗauke, zafin agazari ya ɗan taɓa, aiki ya yi yawa. A ganina daga nan ne iskar gari ke fara lalacewa, tun hazo bai iso ba.

Fara da wurin casa da shiƙa. A kafa shi a gefen gari da iska ke ficewa, wato yamma ko kudu maso yamma, ba gefen da take shigowa ba. Mai zuba wa inji da mai tsayawa a bakin buntu su ne suka fi shaƙa, su ya kamata a fara ba takunkumi. Matan da ke shiƙa su sauke goyo, a ajiye jarirai a inuwa ta ɓangaren da iska ke fitowa, wata babba ta zauna da su. Wannan ƙaramin tsari ne, amma ƙaiƙayin da jariri ke shaƙa a bayan uwarsa wuni guda ba kaɗan ba ne.

Sai ƙona karan shinkafa. Na san dalilin da ya sa ake yi: ana sauri a share gona a shuka alkama, wadda ke son a binne ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta yi ido cikin sanyi, kafin zafin ƙarshen Fabrairu ya riske ta. Saurin yana da hujja. Amma karan nan dukiya ne. Makiyaya suna saye, suna kuma shiga gona da shanu bisa yarjejeniya su ci su bar taki. Ana tara shi a rami da kashin dabbobi a riƙa yayyafa ruwa ya zama takin gargajiya. Masu albasa da tattasai suna shimfiɗa shi ya riƙe laima. Wuta kuwa tana cinye sinadarin naitirojin da ke cikinsa, wanda za ka koma kasuwa ka saya a buhun yuriya.

In ƙonawar ta zama dole, ko ta kara ko ta busasshiyar kacala, a kiyaye huɗu. Abin ya bushe ƙayau, don ɗanye hayaƙi kawai yake yi. A zaɓi ranar da iska ba ta da ƙarfi kuma ta ba gari baya. A share kewaye, a tsaya a kai da mutane da ruwa. A kunna bayan hantsi ya ɗaga, a tabbatar ta mutu kafin la'asar. Wutar yamma ita ce mafi muni, ga dalili. Da rana ƙasa tana zafi, iska mai ɗumi tana tashi sama da hayaƙin. Da rana ta faɗi a lokacin sanyi, ƙasa takan huce da sauri, iska mai sanyi da nauyi ta gangaro ta kwanta a kwarin fadama, mai ɗumi ta zauna a samanta kamar murfi a kan tukunya. Duk hayaƙin da aka tayar daga magariba zuwa hantsi a ƙarƙashin murfin nan yake zama, daidai tsayin hancin mutum. Wanda ya taɓa fita da asuba a Disamba ya ga farin hayaƙi shimfiɗe a kan gonaki bai motsi, abin da ya gani ke nan.

Wajen ajiya, shinkafa ta bushe har danshinta ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100 ko ƙasa, a kan tamfol ba a kan ƙasa ba. Gyaɗa da masara da suka yi funfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa buhu iskar guba take fitarwa, ta kuma kashe iyalai a cikin barci. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango ko rufi da shi. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, in an ɗaure shi da kyau.

Mataki na shida: hunturu

Mafi yawan ƙurar da ke rufe mu daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Cadi, kusa da Faya. Wurin gindin tsohon tafkin Cadi ne na zamanin da yake da girma ƙwarai, ya bushe ya bar farar ƙasa mai laushi. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi garin ƙasar. Masana sun ce babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ta iso mu. Ba sharri zalla ba ce, tana sauke wa gonaki sinadarai, sanyin da ke tafe da ita kuma shi ke yin alkama. Ƙirji dai ba ya son ta.

Ƙurar da ido ke gani a kan tabarma hanci yana tare yawancinta. Mai haɗarin ita ce 'yar mitsitsiya da ake kira PM2.5, wadda ta fi silin gashi sirantaka kusan sau 30, tana wucewa har ƙarshen huhu ta shiga jini. Hayaƙin itace cike yake da ita. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata ta wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a wuni ba, mai ɗan girma da ake kira PM10 kuma kar ta wuce 45. A ranar hazo mai kauri a Arewa, ɗaruruwa ake aunawa.

To ranar da alamarka ta kusa ta ɓace, ga yadda za a yi. Tsofaffi, masu asma, masu ciwon zuciya, masu ciki da jarirai su zauna a ɗaki gwargwadon iko. A ɗage duk wata ƙona da casa zuwa wata rana. Mai fita dole, musamman a kan babur, ya sa takunkumin N95 ko KN95 da ya kama fuska sosai. Rawani ko mayafi da aka ninka yana tare manyan ƙwayoyi, ya fi babu, amma ƙananan suna ratsa shi. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. A shafa man kaɗanya ko basilin a bakin hanci da leɓe da dunduniya. Wanda ya yi haɓo ya sunkuyar da kai gaba, ya matse tattausan hancinsa minti 10, kar ya ɗaga kai sama jinin ya koma maƙogwaro. Masu asma su tanadi abin shaƙarsu tun Oktoba.

Cikin gida ne ya fi damuna. Sanyin dare a Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, a bakin ruwa ya fi haka tsanani, sai a rufe ƙofa da taga, a shigo da kaskon gawayi. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, ita ke sa mutum ya yi barcin da ba ya tashi. In za a ɗumama ɗaki, a yi kafin a kwanta, taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin barci. Bargo da safa da hula sun fi aminci. Janareta kuma waje, nesa da taga, ba a zaure ba. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a tare, a fitar da kowa fili nan take.

Uwargida ita ke shan mafi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa hayaƙin girki da makamantansa na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, mata da ƙananan yara ne a gaba. A garin shinkafa da kifi abin ya ninku, domin bayan girki akwai turara shinkafa a manyan tukwane, akwai banda. A yi su a fili ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, a ja lokacinsu zuwa hantsi da azahar maimakon asuba da dare. Busasshen itace da aka faskara ƙanana, murfi a kan tukunya, murhun laka mai kewaye da ke tattara wuta wuri guda, duk suna rage itace da hayaƙi tare. Kar a hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba. Masu banda da yawa su duba irin murhun Chorkor da ya samo asali a Ghana, mai tirori da ake jerawa a kan juna: itace kaɗan, kifi da yawa, mai aikin kuma ba ta tsaye a cikin hayaƙi. Maigida da ke da halin sayen tukunyar gas, ko ƙarama ce, ya sani lafiyar matarsa da 'ya'yansa ya saya.

Mataki na bakwai: san lokacin da zama a gida ya ƙare

Yaro mai tari a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti guda cur yana kwance shiru. Ɗan ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye. Daga wata 2 zuwa shekara, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Wannan alamar limoniya ce, a kai shi asibiti a ranar. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono, ko yana suma-suma, ko dare ne a tafi. Babba da tarinsa ya wuce mako biyu ya je a gwada majinarsa, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Sanƙarau yakan taso daga tsakiyar hunturu zuwa ƙarshen bazara, lokacin da ƙura da bushewa suka raunata cikin hanci da maƙogwaro, ga cunkoso a ɗakin kwana. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, ƙin haske, a jariri kuma kumburin maɗiga: wannan sa'o'i ake ƙirgawa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare nau'i biyar na cutar, Jigawa da Yobe suna cikin jihohin da aka fara da su. In masu allura sun zo gari a fito da yara da matasa. Makarantun allo da na kwana a rage yawan masu kwana a ɗaki guda, a bar taga ko da ana sanyi.

Mataki na takwas: abin da gida ɗaya ba zai iya ba

Hayaƙi ba ya tsayawa a katangar wanda ya tayar da shi, jinga kuma in ta ɓalle a gonar mutum ɗaya gari duka take ci. Saboda haka akwai abubuwan da sai an zauna a ƙofar mai unguwa ko dagaci, da sarkin noma da sarkin ruwa da arɗo da liman da shugabar mata. Zama biyu a shekara ya wadatar. Na Afrilu a raba aikin jinga da yankan kacala, a sa wanda zai riƙa duba sandar kogi da wanda zai riƙa kiran garuruwan sama, a tsayar da tudun da za a koma da hanyar da za a bi. Na Oktoba a tsayar da wurin casa, a hana cinna wuta bayan la'asar, a daidaita da makiyaya kan ranar da shanu za su shiga gonakin da aka girbe da abin da za a biya, tun kafin a kai ga rigima. A nemi malamin makaranta ɗaya ya riƙe littafi, ya riƙa rubuta awon ruwan sama da tsayin kogi da kwanakin hazo mai kauri, a karanta wa jama'a a zama na gaba, a kuma kai kwafinsa ga malamin gona da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma.